Allurar Rama a Gidan Alhaji Yahuza

Da can, in mutum ya fita neman riba ya dawo da asara, sai a ce garin neman ƙiba ya samo rama. Yanzu zamani ya juya, ramar ce ake nema ido rufe, har da allura. A Tanut allurar tana cikin firigon Hajiya Zalika, tsakanin ƙullin zoɓo da ƙanƙarar sayarwa, kuma mace ta farko da aka gwada wa ita a unguwar ita ce Raliya, matar ƙanenta Alhaji Yahuza dillalin dabbobi.

Raliya ba ta taɓa cewa jikinta ya dame ta ba. Mace ce mai jiki, irin wadda in ta zauna bisa tabarma ake sanin an zauna. A Tarka inda ta tashi, da nono da fura aka yi kiwon wannan jikin, da gangan, kuma ranar da aka kawo ta tsofaffi har guɗa suka ƙara, suna cewa an ba Yahuza mace ba sanda ba. Shi ma a lokacin haka ya gani. Sai da ya sayi mota, ya fara zuwa Yamai, ya koyi dogon kallo a salula, sannan ya gano cewa matarsa ta cika kujerar gaba.

Hajiya Zalika ita ce babba a ɗakinsu, ita ta goyi Yahuza, don haka har yau, da gemunsa da Hajjinsa, in ta ce masa rana ta fito daga yamma sai ya juya ya duba. Sana'arta atamfa da turare da kayan mata. Allurar kuwa wani direba ne ya kawo mata ta hanyar Agadas, ya rantse cewa da ita matan ƙasashen waje suke rage tumbi. Matsala ɗaya ce, matan Tanut ba sa sayen abu sai sun ga abin da ya yi wa wata. Hajiya ta duba dangi, ta ga ƴaƴanta nata ne, jikinta ma nata ne, amma matar ƙane ta kowa ce.

Da hantsi ta zo, cikin bazara, allurar na cikin kwanon sha an rufe ta da ƙanƙara.

"Yaya, ni fa lafiyata lau," in ji Raliya, tana goge hannu da bakin zane.

"Wa ya ce ciwo gare ki? Gyara ne. Mota ma da lafiyarta ake kai ta gareji. Ga bikin Khadijat ɗiyata nan tafe bayan Sallar layya, matan Yamai za su zo. Ba na so a ce matar ƙanena ce waccan da ta tare ƙofa."

Raliya ta dubi mijinta. Alhaji Yahuza yana duban salularsa.

"Ki yi abin da Yaya ta ce," ya ce. "Sau ɗaya ne a sati. Ko sauro ya fi ta zafi."

Kafin a soka mata, sai da Hajiya ta tsayar da ita jikin bango ta ɗauke ta hoto ta gaba da ta gefe, kamar yadda Alhaji yake yi wa raguna in zai tura wa mai saye a Damagaram. Sannan ta ɗaga mata riga ta soka allurar a fatar ciki. Gaskiya ne, babu zafi. Da za ta tafi ta rataye wata rigar leshi a ƙusa cikin ɗakin Raliya, ankon bikin ke nan. Ba da awon Raliya aka ɗinka ta ba, da awon matar da ake so ta zama aka ɗinka.

Satin farko abinci ne ya fita kanta. Ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miya, ta zuba wa kowa, ita kuwa loma biyu sai ta ji kamar ta cinye akushi. Wannan bai dami kowa ba, Alhaji har yabawa ya yi. A sati na biyu amai ya zo, ya taho da ƙanensa zawo. Amma abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ƙishirwa ta daina zuwa mata. A bazarar ƙasar Damargu, inda Tanut take, ba a tuna wa mutum ya sha ruwa. Rana tana dukan rufin kwano, iska kamar daga bakin murhu, jaki ma yana bin gindin katanga, amma Raliya sai ta wuni ba ta tuna da randa ba. In ta tuna ta sha, kafin ta ajiye moɗa ruwan ya dawo.

Ranar allura ta gaya wa Hajiya.

"Kitsen ne yake narkewa," in ji Hajiya. "To ta ina kike so ya fita, ta kunne? Kowace mace haka take yi. Sai an sha wuya akan sha daɗi."

Ban da Raliya, Hajiya ba ta san wata mace da ta taɓa yin allurar ba, amma ta faɗi maganar da ƙarfin zuciya kamar a gabanta aka haɗa maganin.

Aikin gida bai san ana allura ba. Girki na nan, wanki na nan, shirya yara zuwa makarantar lakwal na nan, ga damun dusa na ragunan layya da Alhaji ya ɗaure a tsakar gida yana jiran kasuwa ta tashi. Ragunan suna da rumfa, suna da baho wanda ba ya rabuwa da ruwa, suna da buhun kanwa da ake jiƙa musu. Safe da yamma Alhaji kan zagaya su, ya ja fatar wuyan wannan ya saki, ya buɗe idon wancan ya leƙa, domin shi dillali ne, tun daga nesa yake gane dabbar da ruwa ya ƙare a jikinta. Matarsa ce kawai bai taɓa ja wa fata ba.

Maƙwabciyarta Asiya ce ta fara magana. Ta shigo aron rariya, ta tarar da Raliya durƙushe bayan madafa tana kakari, babu abin da ke fita sai yawu. Ta fita ba tare da rariyar ba, ta dawo da ƴan fararen ƙunshi na gishiri da sukari, irin wanda asibiti ke ba yara masu zawo, ragowar na autarta.

"Ki kaɗa ɗaya a litar ruwa mai tsabta, ki riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan," ta ce. "Ni ba likita ba ce, amma da shi yarinyata ta tashi. Kuma ki je asibiti, Raliya. Idonki ya faɗa."

Raliya ta kaɗa a cikin jug, ta kurɓa, ta jira. Ruwan bai dawo ba. Ta sake kurɓa. Da la'asar kanta ya daina sarawa, har ta share tsakar gida tana ƴar waƙa a ranta, ta ji daɗin da ta manta ana jinsa. Sai Alhaji ya shigo daga kasuwar dabbobi da ƙishirwarsa, ya ga jug a inuwa, ya kafa kai. Ya haɗiye guda, ya tofar da na biyu.

"Me ke cikin ruwan nan?"

"Na asibiti ne, Alhaji. Gishiri ne da ɗan sukari."

"Sukari." Ya maimaita kalmar kamar an ce masa giya. "Muna kwashewa ta nan, kina zubawa ta can."

Ya kira Yaya a salula. Kafin magariba ta iso, aka yi zama a tsakar gida, aka ajiye abu uku bisa faranti. Ga farin ƙunshin Asiya. Ga wani ƙunshi ruwan hoda da Hajiya ta zo da shi, da rubutun da ba wanda ya iya karantawa a gidan, da hoton wata siririyar mace tana gudu. Ga kuma dunƙulen jar kanwa da Alhaji ya ɗebo daga buhun raguna, don kada a ce an yi shawara bai kawo komai ba. Raliya tana gefe bisa kujera ƴar tsugunne, ita ce mai shan ruwan, amma ba da ita ake zaman ba.

Hajiya ta ɗaga farin ƙunshin da yatsa biyu. "Wannan na yara ne masu zawo, kyauta ake raba shi, kuma abin kyauta ai an san darajarsa. Matar Alhaji guda ta sha maganin goyo? Wannan kuwa," ta nuna nata, "tare da allurar yake zuwa. Gishirin jiki ne na manya, babu sukari ko ƙwaya."

"Yaya, wancan ɗin ya zauna mini," in ji Raliya a hankali.

"Tuwo ma zai zauna miki, in zama ake nema."

Haka aka zaɓi ruwan hoda. Sauran ruwan jug ɗin kuwa Alhaji ya ɗura wa wani rago da ke zawo, domin shi mutum ne da ba ya son ɓarna, kuma washegari ragon ya miƙe yana tunkuyin ɗan'uwansa. Aka aika wa mijin Asiya cewa a gode mata, amma gidan Alhaji yana da masu kula da shi. Daga ranar ba ta sake shigowa aron komai ba.

Ƙunshin Hajiya yana da ƙamshin alawa da wani zaƙi da ba na sukari ba, mai maƙalewa a maƙogwaro. Ba za a ce bai yi komai ba, ranar da Raliya ta sha takan iya tsayawa ta gama girki. Sai dai ƙunshin kaɗan ne, kuma Hajiya ta fara samun masu tambaya, don hoton Raliya na sati-sati yana yawo a salular matan gari. An rufe fuskar da hoton fure, ko da yake duk Tanut ta san bangon gidan Alhaji Yahuza. Duk wadda ta sayi allura dole a haɗa mata da ƙunshi. Sai rabon Raliya ya koma rabi a yini, ya koma rabi jefi-jefi, daga nan aka ce direba ya maƙale a hanya.

A wannan satin ne aka gwada rigar anko. Ta shiga, amma zip ya tsaya a tsakiyar baya ya ce ba inda za shi. Hajiya ta dubi rigar, ta dubi Raliya, ba ta ga laifin tela ba. Da ta zo yin allura sai ta ƙara murɗa bakin allurar, ta ce ninki biyu za a koma yi, biki ya matso.

Sauran magana ita ce me Raliya za ta sha, tunda ƙunshi ya ƙare. Nan ne shawarar Alhaji ta samu shiga.

"Gishiri ai gishiri ne," ya ce. "Duk makiyayin da ke tsakanin nan da Belbeji, in dabba ta yi laushi kanwa yake ba ta. Kakanninmu da wane ƙunshi suka tsallake bazara? Ga shi babu sukari."

"Kuma tana wanke ciki," in ji Hajiya. "Riba biyu ke nan."

Kowace mace a Damargu ta san abin da ruwan kanwa yake yi wa ciki in ya yi yawa, balle cikin da dama yake gudu. Raliya ma ta sani. Amma Alhaji da kansa yake jiƙawa a kofin silba, ya tsaya a kanta har ta shanye, kuma tun da aka ɗaura musu aure bai taɓa miƙa mata ko ruwa da hannunsa ba sai yanzu. Abin ya ba ta haushi, ya kuma ba ta tausayin kanta, domin ta lura akwai wani lungu a zuciyarta da ke jin daɗin kulawar.

Daga nan kwanaki suka fara gangara. Zawon ya koma ruwa zalla. Harshenta ya bushe yana manne wa dasashi, in za ta amsa sallama sai ta fara jujjuya shi a baki. Ƙafafunta suka riƙa ɗaurewa, sharaɓa ta dunƙule kamar an cusa dutse, ta riƙe turmi har ya sake ta. In ta tashi daga ruku'u ɗaki ya juya, sai ta koma yin salla a zaune. Fitsari ya yi ja kamar shayin farko, ya ragu, ya ƙara raguwa. Zobenta ya zame cikin ruwan wanke-wanke ba ta ji fitarsa ba.

Ta so ta haɗa nata ruwan a ɓoye, gishiri ai yana madafa. Amma Alhaji ya kwashe sukarin gidan kaf ya mayar zaure wajen kayan shayinsa, wai don ya taimake ta da yaƙin kwaɗayi. To, abokansa in sun gama shayi ana shigo da ƴan kofuna a wanke, kuma shayin Tanut ba ya rowar sukari, kullum akwai ɗan kauri da ke kwance a gindin kofi. Raliya sai ta riƙa ɗauraye kofunan cikin moɗa, ta jefa ɗan gishiri, ta juya baya ta shanye. Matar gida, uwar yara, tana shan ɗaurayen bakin baƙin mijinta a tsaye kamar ɓarauniya. Ta yi kuka ranar farko, ko da yake hawayen ma bai samu ruwan fitowa ba. Ba a daɗe ba Alhaji ya kama ta, ya girgiza kai, ya ce shi dai bai taɓa ganin mace marar ƙoƙari irinta ba. Daga ranar a zaure ake wanke kofuna.

"Alhaji, ka kai ni asibiti," ta ce masa wata safiya, yana tsugune yana duba haƙoran rago.

"Bayan biki. Yanzu kasuwar layya ce, kin ga ko zama ban samu ba."

Ta gaya wa Hajiya ita ma.

"Asibiti? Su tambaye ki me kika sha, ki ce me? Garin nan ƙarami ne, Raliya. Kafin ki sauka daga gado labari ya kai kasuwa, a ce maganina na kwantar da mutane. So kike ki zubar mini da mutunci ina shirin aurar da ɗiya?"

"Yaya, tun jiya fitsari bai zo mini ba."

"To kin huta. Ni da nake tashi sau nawa, da na samu haka ai sai godiya."

Aka yi Salla, ragunan suka tafi da kyau, ƴan biki suka fara sauka. Cikinsu har da Inna Hawwa, mahaifiyar Raliya, ta zo daga Tarka da cuku da man shanu da dunƙulen fura. Raliya ƴar fari ce, Inna Hawwa kuwa mutuniyar zamanin da ce. Ba ta faɗin sunanta, ba ta haɗa ido da ita, ba ta nuna a gaban mutane cewa ta san da zamanta. Ta shigo da sallama, ta ga wata mace zaune a bakin ƙofa, wuya duk jijiya, zane ya zagaya ta ya yi saura. Sai da macen ta ce, "Sannu da hanya, Inna," sannan ta gane muryar. Ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta a hankali, ta juya fuskarta wajen katanga.

"Mutanen gidan nan dai lafiya?" ta tambayi katangar.

"Lafiya lau, Inna. Zafi ne."

Alhaji ya zo ya tsuguna daga nesa, kai a ƙasa, ya gaida surukarsa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da dabbobi da rijiya. Daga nan ya ce ai ɗan gyara ne ake yi wa Raliya, na zamani.

"To," in ji Inna Hawwa. "Allah ya sa a dace. Ku ke da ita."

Da rana ta dama fura da nono, ta yi mata kauri yadda take yi tun Raliya na ƙarama, ta tura ƙwaryar bakin ƙofar ɗakin ba ta ce ta wance ce ba. Raliya ta miƙa hannu ke nan Hajiya ta shigo.

"Haba Inna, fura ai ita ta kawo mu nan," ta ce da dariya, ta ɗauke ƙwaryar ta kai wa baƙin Yamai, waɗanda suka yaba da nonon Tarka ƙwarai.

Inna Hawwa ta bi ƙwaryar da ido. An ce kunya ado ce, kuma ba a ƙi ba, amma ranar nan adon ya tsaya tsakanin uwa da ƴarta kamar katanga, kowace tana jin numfashin ɗaya.

Ranar yinin biki rigar ta shiga, zip ya hau har wuya ba gardama, har ma akwai sauran wuri. Aka shafa wa Raliya hoda mai kauri, aka cika ramin idon da kwalli, aka ɗaura mata kallabi. Hajiya ta riƙe hannunta tana zagayawa da ita rumfa-rumfa, kamar ita ce amaryar. Mata suka riƙa taɓa ƙugunta suna cewa tubarkalla. Wasu suka fiddo salula suka nuna tsohon hoto suna gwadawa. Wata ƴar Yamai ta tambaye ta ko akwai wahala.

"Ko kaɗan," in ji Hajiya. "Ruwa kawai za ki riƙa sha."

Raliya ba ta ji sauran ba. Kiɗan ya yi nisa, kamar daga ƙasan rijiya yake fitowa, fuskoki suka haɗe, ƙasa ta taso ta same ta. Aka yi salati, aka yayyafa mata ruwa. Hajiya ta ce bakin mutane ne, dama ta san za a yi, a shigar da ita ɗaki a kawo turaren hayaƙi, kada a tsayar da kiɗa.

Nan ne Inna Hawwa ta ratsa mata, tsohuwar da ko tari ba ta yi a gidan suruki.

"Ba ɗakin da za a kai ta," ta ce. "Raliya ƴata ce, ni na haife ta. Ku ɗauko mota, in babu ku ɗora mini ita a baya."

Matan Tarka da ke wurin suka sunkuyar da kai don jin sunan a bakinta. Aka ɗauko motar.

A asibiti malamar da ta karɓe su ta ja fatar hannun Raliya ta saki, fatar ta tsaya a tsaye kamar an ninke tsumma. Ta nemi jijiya ta sha wuya kafin ta samu, ta rataya ledar ƙarin ruwa, sannan ta tambayi me ya same ta. Alhaji ya ce zazzaɓi ne da gajiyar biki. Raliya ta buɗe ido, ta jujjuya harshe, ta ce allura ce da kanwa, kuma ta faɗi tun yaushe. Malamar ta dubi Alhaji, ta rataya leda ta biyu. Shi kuwa ya matsa kusa, ya karkata kai yana duban ruwan da ke ɗiga.

"Madam," ya ce, "wannan ɗin dai babu sukari a ciki ko?"

Ledoji suka shiga, fitsari bai fito ba. Washegari aka ce a wuce da ita Damagaram, ƙoda ta tsaya.

A can aka haɗa ta da injin wankin jini. Likita ya ce ƙodar da aka bari cikin fari irin wannan wani lokaci takan farfaɗo, wani lokaci ba ta farfaɗowa, sai dai a jira. Ya ce da ta zo tun farkon aman, da abin bai wuce a dakatar da allura a ba ta ruwan gishiri da sukari ba. Sannan ya kafa doka. Tunda ruwa ba ya fita, ba za a bar shi ya shiga ba sai da awo. Aka ba Inna Hawwa wani ɗan kofi, aka nuna mata iyakar abin da Raliya za ta sha daga safe zuwa safe. Kuma da yake an daina allurar, ƙishirwar da ta tafi yawo ta dawo gida da ƙarfinta. Raliya takan kwanta tana jin ana zuba ruwa a buta a waje, ta bi ƙarar da kunne har ta ƙare. Inna takan jiƙa bakin gyale ta goga mata a leɓe, tana kiran sunanta yanzu ba adadi, kamar mai biyan sallolin da suka wuce.

A Tanut kuwa ba a ce kowa ya yi laifi ba. Aka ce ciwo daga Allah ne, kuma haka ne, sai dai ba a taɓa jin Alhaji ya faɗi haka a kan rago ya koma ya zauna ba. Aka ce dama dangin Raliya suna da raunin ƙoda, ko da yake ba a nuna wanda ta taɓa kamawa ba. Aka ce ita ce ba ta shan ruwa. Mutanen da suka zauna bisa faranti suka zaɓa mata abin da za ta sha, suka kulle sukari, suka kori maƙwabciya, suka ɗauke fura daga hannunta, duk sun kwana lafiya, domin ba wanda ya ɗaga mata hannu, ba wanda ya zage ta, gyara kawai aka yi. Direba ya iso, firigon Hajiya ya cika, kuma hoton ranar biki shi ne ya fi kowane kawo masu saye.

Da aka kwana biyu Alhaji da Hajiya suka zo dubiya, da lemo da ayaba waɗanda likita ya hana. Suka zauna bakin gado. Alhaji ya daɗe yana kallon hannun matarsa bisa zanen gado, siriri kamar karan dawa, ransa a ɓace.

"Yaya, abin nan ya yi yawa," ya ce. "A kasuwa ana ta magana, wai ba na ciyar da iyalina. Ni da nake kiwata dabbar wani."

"Kada ka damu, na san za a zo nan," in ji Hajiya. Ta buɗe jaka ta fiddo wani ɗan kwali na ƙwayoyi. "Wannan na ƙiba ne, sabon zuwa. Kafin wata ya zagayo za ta ciko, ka ce ba ita ba ce. Ungo, Raliya, fara da ɗaya."

Raliya ta dubi ƙwayar a tafin hannun Hajiya, ta juya ta dubi ɗan kofin da ke kife bisa akwatin gefen gado.

"Da me zan haɗiye ta, Yaya? Ruwana na yau ya ƙare."

"Ba komai," in ji Hajiya Zalika. "Ko an tauna tana aiki."